Lalas a Jikin Matar Yayana

Gidanmu a Azare gidan wanzamai ne. Mahaifina ya rasu ina saurayi, gemu ya fara fito mini, zabirarsa ta faɗo hannuna, domin yayana tun yana yaro ba ya son ganin jini. Shi noma ya riƙe, da rani kuma ya ɗan taɓa sayen fata. Waɗanda suka rage a gidan su ne Inna mahaifiyarmu, da yayana, da matarsa, da ni da ban yi aure ba tukuna. Sai 'yarsu ƙarama, wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Matar yayana Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Disina. Mahaifinta abokin mahaifina ne, mu ke yi musu aski da ƙaho, ta nan aka ƙulla auren, kuma ita da yayana suna son juna. Doguwa ce siririya, amma in ta kama taɓarya har ƙasa sai ta amsa. Takan jefa ta sama, ta tafa, ta cafe, daka bai tsaya ba. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji. Tana ce mini mai aska, ina ce mata 'yar nono. In na dawo daga yawon aski takan tare ni tun daga bakin zaure, ta ce ta ga wani dattijo ya wuce da kunne ɗaya, ko daga hannuna ya fito. A gaban Inna kuwa wata mace ce daban. Ba ta cin abinci Inna na kallo, ba ta ɗaga ido, ko tari ya zo mata sai ta haɗiye. 'Yarta ma, da yake 'yar fari ce, ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa in da mutane a wurin.

Wata damina hatsi ya yi ƙasa a rumbu, sai an hau ta sama an shiga an ɗebo. Yayana yana gona, ni na fita aski. Matar yayana ta jingina tsani ta hau. Ashe gara ta cinye shi ta ciki. Ta faɗo da baya a kan turmin da ke kife a gindin rumbun. Inna ta ce ƙarar kamar an yar da buhun gyaɗa. Ta tashi da kanta, ta kakkaɓe zani, ta ce ba komai. Duk da haka an kira maɗori. Ya lalluɓe ta daga wuya har ƙugu, ya ce babu karaya, babu targaɗe. Bayanta ya yi baƙi da taruwar jini, sannu a hankali ya washe. Muka ce Allah ya kiyaye, muka manta.

A cikin shekarar nan, lokacin babban yaƙin Turawa ne, aka shiga ɗiban mutane zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos. Aka ce gidanmu sai ya ba da mutum. Ni unguwa na bukatata saboda suna da kaciya, don haka aka tafi da yayana. Ranar da suka tashi matarsa ba ta fito rakiya ba, tana madafi tana tuƙa tuwo kamar kullum. Bayan tafiyarsa ba da jimawa ba ciwon ya bayyana.

Na yi shekaru masu yawa ina taɓa jikin mutane, amma ban iya kwatanta wannan ciwo yadda ya kamata ba. Ba shi da mazauni. Yau yana ƙeya da kafaɗu, gobe ya sauka ƙugu, jibi yana gwiwa da gwiwar hannu. Babu kumburi, babu zazzaɓi, idonta fari tas, harshenta lafiya. Tana kwanciya da wuri ta tashi kamar wadda ta kwana tana ɗaukar dutse. Da safe jikinta a sandare, sai rana ta ɗaga yake ɗan saki. Ɗaurin zani ma yana yi mata ciwo. Ta daina goya yarinyar, ta ce nauyinta ba komai ba ne, majanyin ne yake yanka ta. Sannan ga mantuwa. Ta sa gishiri a miya, ta sake sawa. Ta tafi bakin rijiya ta tsaya da guga a hannu tana tunanin abin da ya kai ta. Wata jikata da ke aikin asibiti ta taɓa gaya mini cewa likitoci sun san irinsa, yakan tashi bayan faɗuwa ko shan duka ko tashin hankali, damuwa tana hura shi, kwanciyar rai tana lafar da shi. Ta faɗi sunansa da Turanci, harshena bai ɗauka ba. A lokacinmu ba shi da suna, kuma abin da ba shi da suna a gidan wanzamai babu shi.

Abin da ya fi cutar da ita shi ne ranakun da take samun sauƙi. Ƙanwarta takan shigo gari ranar kasuwa da ƙwaryar nono. In ta sayar sai ta biyo ta gidanmu, su zauna a rana a bayan ɗaki suna Fulatanci suna dariya, ta tsefe mata kai, ta matsa mata kafaɗu a hankali da man shanu. A irin wannan rana matar yayana takan tashi ta yi daka, ta share tsakar gida, har ta tsokane ni. Washegari in wani ya dawo daga Jos ya ba da labarin yadda sanyi da tari ke kashe mutane a ramin kuza, ko aka ce masu jangali sun kama shanun mahaifinta, ko Inna ta yi mata faɗa tun da safe, sai ta koma tabarma, ko ludayi ba ta iya ɗagawa.

Inna ta sa ido ta ga wannan, ta yanke hukuncinta. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ciwon da ya san ranar kasuwa ba. Maganar ta yi daɗi a bakin matan unguwa. Suka raɗa mata suna sarauniyar tabarma. In sun shigo ɗiban wuta sai su durƙusa a ƙofar ɗakinta su ce ranki ya daɗe, ya mulki. Ni ma na ɗauka. Wasan da ke tsakaninmu ya ba ni ƙofa, na riƙa faɗa mata abin da ko Inna ba ta faɗa ba, ina dariya. Na ce ko saniyar mahaifinta ce take kwance haka da tuni an kira mahauci. Ta yi dariya ita ma, ta ce ai mahaucin yana gida, aska ce dai ba ta da kaifi.

An yi magani, kada a ce ba a yi ba. Na yi mata ƙaho a baya, jini ya fito ja mai kyau, babu mataccen da zan nuna wa Inna. An karɓo rubutu ta sha. An jiƙa sassaƙe, an yi turare ko iska ce. Duk wanda aka gwada sai ta ce ta ji dama-dama, don kada a ce ta raina, bayan kwana kaɗan a gan ta kwance.

Da kaka ta zo aiki ya yi yawa, ga sussuka, ga ɓarar gyaɗa, Inna kuma ta tsufa. Rannan ta tsaya a tsakar gida ta yi magana da murya sama, ba ta kalli ɗakin matar yayana ba. Ta ce gidanta ba masaukin baƙi ba ne. In an gama shigar da amfani mace ba ta tashi ba, za ta koma rugarsu ta kwanta da hujja. Yarinya kuwa jinin gidan nan ce, ko taki ɗaya ba za ta yi ba. Ta aika wa yayana saƙo ta bakin wani mai komawa, amsa ta dawo cewa duk abin da Inna ta gani shi ne daidai. Matar yayana ta ji duka. Ba ta fito ta roƙa ba, ba ta ambaci yarinyar ba. Inna ta ce to ga shi nan, ko 'yar ma ba ta dame ta ba.

Bayan kwana biyu ina zaure da hantsi ina wasa aska, sai ga matar yayana ta dafa bango ta tsaya daga ciki. Ta ce, "Mai aska, ba ka da wani abu a zabirar nan sai ƙaho?"

Na ce akwai almakashi, in gashin ne ya yi mata nauyi.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka yi mini lalas."

Lalas shi ne a gasa ƙarfe a ɗora a kan fata daidai inda ciwo yake. Na ga mahaifina ya yi, na riƙe masa mutane, amma ni da hannuna ban taɓa yi wa kowa ba. Na ce mata ai lalas sai ciwo mai wuri ɗaya, nata kuwa yawo yake kamar shanunsu.

Ta ce, "To ka bi shi duk inda ya je. Ka yi mini abin da za a gani."

Na faɗa wa Inna, ta amince nan take. Ta ce wuta ba ta ƙarya, in ciwo ne zai fita, in lalaci ne shi ma zai fita.

Mahaifina yana da ƙa'ida a kan lalas, kuma na haddace ta kamar Fatiha. Yakan ce ƙarfe ba ya tashi sai ya ji amsa. In ka ɗora, mai ciwo ya yi ƙara, to wuta ta isa inda cutar take, ka ɗaga. In bai yi ƙara ba, fata kawai ka taɓa, cutar tana can ƙasa tana dariya, ka ƙara dannawa. A kan manoma da fatake da mahautan Azare ƙa'idar ba ta taɓa ba shi kunya ba, domin kafin ƙarfen ya zauna sun kira sunan uwarsu.

Muka yi da safe a bayan madafi. Aka kai yarinyar maƙwabta. Na hura gawayi, na sa ƙarfen, ɗan siriri ne mai kai kamar ƙwayar wake. Ta zauna a kan tabarma ta juya mini baya, ta sassauta zani. Inna ta zauna a gabanta ta riƙe mata hannuwa, gwiwarsu na taɓa juna. Na fara neman wurin da babban yatsa. Na danna gindin ƙeya, ta noƙe. Na danna saman kafaɗa, ta noƙe. Gefen ƙugu, cikin gwiwa, kusa da gwiwar hannu, dama da hagu, duk inda na taɓa sai naman ya yi tsalle a ƙarƙashin yatsana, alhali ban danna da ƙarfin da zai fasa tumatir ba. Na riƙa sa alama da toka. Da na ja baya na duba, jikinta ya yi kamar na zabuwa.

Na ɗauko ƙarfen ya yi ja, na ɗora a saman kafaɗar dama. Fata ta yi ƙara, ita ba ta yi ba. Na jira. Wari ya tashi irin na babbakar kai. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, zufa ta karyo mata a baya, amma ko numfashinta ban ji ba. Na ce a raina ban isa wurin ba, na danna.

Inna ta leƙo ta saman kafaɗarta ta ce mini, "Ka gani ko? Ko gezau. Jikin da taɓawa ke sa shi kuka, ga wuta ya yi shiru."

Ƙarfen ya huce a jikinta. Na mayar da shi gawayi, na koma kafaɗar hagu. Haka muka bi alamun nan ɗaya bayan ɗaya. Ni ina jiran ƙara in ɗaga, Inna tana kallon fuskarta tana jiran ta karye ta ce ta warke. Ita kuma ta kafa ido a kan tabarma tsakanin gwiwoyin Inna. A gwiwar hagu na danna har na ji ƙarfen ya taɓa abu mai tauri. Abin da ya tsayar da ni gawayi ne da ya mutu. Ta ja zaninta ta rufe, ta juya a kan gwiwoyin da na gama ƙonawa, ta durƙusa ta ce, "Na gode, Inna." Ta tashi ta shiga ɗaki da ƙafarta.

Ƙunar ta ruɓe. Wasu wuraren suka yi rami, suka riƙa zubar da ruwa, ƙuda ya samu wurin zama. A nan ne kuma abin mamaki ya faru. Inna ta ga gyambo da idonta, sai tausayinta ya motsa. Ita ke dafa ruwan bagaruwa ta wanke mata, ta shafa man shanu, ta dama mata kunu da hannunta. Ta hana ta taɓa ko tsintsiya. Ta kori matan unguwa daga ƙofar ɗakin. Takan kawo yarinyar ta ajiye kusa da ita ta fita, don ta bar su su kaɗai. Na taɓa wucewa na ji uwar tana yi wa yarinyar waƙa da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Maganar komawa ruga ta mutu. A cikin makonnin nan barcinta ya gyaru, sandarewar safe ta ragu, mantuwa ta tafi. Tun gyambon bai rufe ba ta fara tsokanata, ta ce na yi mata zane kamar ƙwaryar amarya, saura in kai ta kasuwa.

Kowa ya ce lalas ya ci. Sunana ya fita. Aka riƙa kawo mini masu ciwon baya da na gwiwa daga ƙauyuka, har daga hanyar Jama'are. Inna takan kira matar yayana ta buɗe kafaɗa a nuna wa baƙi tabon.

Da gyambon ya warke sarai, kunu ya tsaya, taɓarya ta dawo, da ɗiban ruwa, da surfe, har da na kwanakin da ta yi a kwance, domin Inna ta ce bashin aiki ba ya ruɓewa. Wa'adin da aka ce yayana zai dawo ya wuce bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi yana tari, wani ya ce ba shi ba ne. Ciwon matarsa ya komo, ya fi na da. Ta ɓoye iyakar iyawarta. Takan yi daka ta jingina goshi da taɓarya in ta ga Inna ta shiga ɗaki, in ta ji motsinta ta ci gaba. Rannan tulu ya kuɓuce mata a tsakar gida ya fashe, ta tsaya a cikin ruwan tana kallon hannuwanta.

Ta sake zuwa bakin zaure. Wannan karon ba ta yi wasa ba, ni ma ban yi ba. Ta ce in sake. Na ce wuraren duk tabo ne. Ta ce akwai sauran fata a tsakani.

Na sake, Inna na riƙe da hannuwanta kamar farko, ita kuma shiru kamar farko. Aka sake wankin bagaruwa da kunu, ta sake samun sauƙi, gyambo ya rufe, ciwo ya dawo. Gwiwar hagu kuwa daga nan ba ta ƙara miƙewa daidai ba, ta soma ɗingishi. Da ta nemi na uku, Inna ce ta hana. Ta ce yanzu ta gane, yarinyar nan ta fi son wuta da taɓarya. Macen da za ta ba da fatarta a gasa don ta sha kunu a kwance, babu irin lalacin da ya kai nata.

Ana cikin haka yayana ya dawo, ya rame, yana tari, ba ya son magana. Ya tarar da mace mai ɗingishi, jiki duk tabo, wadda in ya dafa kafaɗarta sai ta janye. Inna ta ba shi labari yadda ta gan shi. Matan unguwa suka ƙara gishiri. Ya tambaye ni, a matsayina na mai sana'a, ko akwai cuta a jikinta. Na ce ni dai na yi ƙaho ban ga mataccen jini ba, na yi lalas har sau biyu ban ji amsa ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ya isa. Shi kansa yana bukatar mai jinya, ba wadda za a yi jinya ba. Ya sake ta.

Ni aka sa in kai ta rugarsu. Da safe Inna ta ba yarinyar ƙuli-ƙuli ta tura ta gidan maƙwabta. Matar yayana ta ɗaure kayanta, 'yan ƙore ne da zannuwa. Ta durƙusa ta yi wa Inna sallama, ta nemi gafara. Da muka fito ta bi ta ƙofar gidan maƙwabtan, ana jin muryoyin yara a ciki, ba ta juya kai ba. Na ɗora ta a jaki. Kowane taku na jakin ina ganin yadda yake ratsa ta, sai ta sauka ta taka, ƙafa ta gaza, ta sake hawa.

Mun yi nisa da gari, mun shiga yashi, babu kowa sai mu, sai na ji wani sauti a bayana. Na ɗauka jakin ne. Da na waiwaya, ita ce. Bakinta a buɗe, tana nishi mai ƙarfi kamar saniya mai naƙuda, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ta daɗe tana yi. Na tsaya riƙe da igiya ban san inda zan sa idona ba. Da ta lafa, na ce mata ashe tana da murya, me ya hana ta yi wannan ranar da ƙarfe ke jikinta, da na ɗaga tun bai zauna ba.

Ta dube ni. Ta ce, "A gaban Inna?"



Ta ƙara da cewa, "Mai aska, kai fa kake yi wa mazanmu aski. Ka ga sharo da idonka. Mu a ɗaki muke haihuwa, suruka na waje ba ta sani ba sai ta ji kukan jariri. Da ka ce Inna ta je ta ɗebo maka ruwa, da na yi maka ihun da za a ji a Misau."

Na san fulako, wato kunya da dauriya irin ta Fulani. Ina jin Fulatanci tun ina yaro, na ga samarinsu ana tsula musu sanda suna murmushi suna duba madubi. Ban taɓa haɗa wannan da ƙa'idar mahaifina ba, ko sau ɗaya, alhali ƙarfen yana hannuna har karo biyu.

Muka isa rugar da la'asar. Ƙanwarta ce ta sauke ta, ta ga tabon da ke wuyanta da hannuwanta, ta ɗaga zanin ta ga na gwiwa, ta dube ni ba ta gaishe ni ba. Mahaifinsu ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka dama mini fura, ya tambayi lafiyar Inna. Bai tambayi dalili ba. Da zan tafi matar yayana ta rako ni 'yan taku kaɗan tana dafa sanda. Ta tsaya ta ce, tana kallon wani wuri daban, in zan zo aski da rani, jakin nan ai yana iya ɗaukar mutum biyu in ɗayan ƙarami ne. Na ce in Allah ya yarda.

Yarinyar ta yi kwanaki tana leƙa ɗakin uwarta. Aka ce mata ta tafi kasuwa, daga baya aka daina ce mata komai. Yayana ya sake aure, tarin bai bar shi ya daɗe ba. In yarinyar ta yi nawa wajen aike, ko ta ce kanta na ciwo, Inna takan ce gado ba ya ɓata, a kawo mata tabarmar sarauta. Yara suka ɗauka, suna kiranta 'yar sarauniya tun ba ta san ma'anarsa ba. Ta koyi kada ta ce wani wuri na yi mata ciwo.

Da rani ya yi na shirya zuwa rugar. Na ce wa Inna zan tafi da yarinyar ta gaida uwarta, mu dawo tare. Inna ta ce in an kai ɗan maraƙi wurin saniya ba ya dawowa da daɗi, kuma ba ta son a koya mata kwanciya. Ban ja ba. Na ɗauki zabira na hau jaki ni kaɗai.

Na hango uwar yarinyar tun daga nesa, tana zaune a gindin wata tsamiya a bakin hanya, nesa kaɗan da bukkokin, ta miƙe ƙafar hagu. Ƙanwarta ta gaya mini daga baya cewa tun da aka ji wanzami na tafe take fitowa nan kowace safiya. Ta yi kitso sabo. A gefenta akwai 'yar ƙwarya a rufe da faifai, da wani ɗan abin wuya na duwatsu ja da fari, ƙarami, wanda ba zai shiga wuyan babba ba. Da na matso ta dubi bayana a kan jakin, ta dubi hanyar da na fito, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ɗauki abin wuyan ta tura a ƙarƙashin cinyarta.

Ta ce, "Sannu da hanya, mai aska. Ya Inna?"

Na ce tana lafiya. Na ce kowa ma yana lafiya, ana ta girma. Ta gyaɗa kai. Ta tura mini ƙwaryar, fura ce da nono, an dama da ɗan ludayi ƙarami a ciki. Na sha da shi, don babu wani. Na shiga ruga na yi wa maza aski, na yi wa wani tsoho ƙaho. Da na fito zan koma tana nan inda na bar ta. Na ce ko tana da saƙo. Ta ce a gaida mutanen gida.

Da damina ta faɗi rugar ta tashi, aka ce sun yi gabas, wasu suka ce sun haye kogi ta wajen Katagum. Na tambayi masu tallar nono a kasuwa shekara da shekaru, kowa da inda yake nunawa. Yarinyar ta girma a gidanmu, ni na aurar da ita. Ba su ƙara ganin juna ba.